Akwatin Ɓata Sauti

Na koma Gumel a farkon shekarun casa'in, ba don ina so ba. A Kano nake, wajen wani mai haɗa amfilifaya da lasifika na masallatai da masu talla. Na shekara biyu a hannunsa, har ya fara bar mini shago idan zai yi tafiya. Sai aka aiko cewa idon Baba ya tafi. Ba rana ɗaya ya tafi ba. A hankali ya yi ta dusashewa, Baba yana ɓoyewa, har ranar da ya ƙone rediyon wani dagaci saboda ya liƙa waya inda ba nan ba. Yayana yana Ikko, wasiƙa kawai ya aiko da gaisuwa. Ƙannena duk mata ne. Na ce wa maigidana wata biyu zan yi in dawo, har kayan sawana na bari a ɗakin da muke kwana.

Shagon Baba rumfar kwano ce a bakin kasuwa: tebur ɗaya, benci ɗaya, sai tarin matattun rediyo da masu su suka kawo tun ina yaro ba su dawo ba. Wutar lantarki sai ta ga dama take zuwa, don haka a kaskon garwashi muke gasa ƙarfen narka dalma. Da safe in riƙe hannun Baba mu taho, in shimfiɗa masa tabarma a bayana. Da azahar in kai shi masallaci in dawo da shi, da la'asar ma haka. Tsakanin waɗannan sai gyara: rediyon da ruwan batir ya ci, kaset da ya tauna zare, tocilan da ba ta kamawa.

Baba ba ya gani, amma ba a kunna rediyo a rumfar nan ya kasa faɗin ciwonta. Ina cikin kwance murfi zai ce daga baya, "Kada ka wahalar da kanka, kondansa ce, wadda ke kusa da lasifika." Sau da yawa gaskiyarsa ce, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Wata biyu suka zama shekara. Duk lokacin da na ɗauko maganar Kano sai ya ce a bari damina ta wuce. Damina ta wuce, sai a bari a shigar da gero. An shigar da gero, ga azumi ya kawo kai. Bai taɓa ce mini kada in tafi ba.

A shekara ta biyu ne mutumin Filato ya fara zuwa. Malamin gona ne, Kirista, an ajiye shi a Gagarawa amma ya kama ɗaki a Gumel saboda nan ne akwai ɗan cocin da suke taruwa ranar Lahadi. Matarsa da 'ya'yansa suna can gida. Dogo ne, yana da wani tsohon babur da ba ya tashi sai an tura. Hausarsa irin ta mutanen Jos ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa. Da farko rediyo ya kawo, na gyara. Tun daga ranar yake kirana Injiniya, ni kuma ina ce masa Malam.

Wata ranar Asabar ya zo da wani abu naɗe a tsumma, ya ajiye a kan tebur a hankali kamar ƙwai. Ɗan akwatin ƙarfe ne, bai kai tafin hannu biyu ba, fentinsa ya koɗe. Yana da murɗi biyu a sama da wani maɓalli mai tauri a tsakiya, da ramin soka waya a kowane gefe.

"Injiniya, ka san wannan?"

Na ce ban sani ba.

"Faz ake ce masa. Na ƙanena ne, Allah Ya ji ƙansa. Jita ake haɗawa da shi, sai a taka wannan da ƙafa. Shekara huɗu ke nan bai yi magana ba."

Na buɗe. Na zaci zan ga cunkoson kaya, sai na tarar da ciki kusan fayau: transista biyu, 'yan resista, kondansa uku, sai mazaunin ƙaramin batir. Ko rediyon 'yan yara ta fi shi kaya. Ɗaya daga cikin transistocin ya mutu. Na tona cikin matattun rediyon Baba na sami mai kama da shi, irin tsofaffin nan masu hular ƙarfe, na liƙa.

Kashegari bayan an tashi daga coci ya zo da jitarsa a goye a baya, naɗe da zanin gado, da ƙaramar amfilifaya ɗaure a kan babur. Muka haɗa da batirin mota. Ya kaɗa tsirkiya ɗaya, sauti ya fito tas. Sai ya taka maɓallin. Abin da ya fito daga lasifikar nan ban taɓa jin irinsa da gangan ba. Kamar gurnani, kamar ana yaga sabon yadi, kuma ya ƙi mutuwa, sai ja yake yi yana ƙara tsawo. Mai shayin da ke kusa da mu ya leƙo da ludayi a hannu.

Baba ya ɗago kai daga tabarma ya ce, "Ba ka gyara ba. Kashe kafin ka fasa wa bawan Allah lasifika."

Na miƙa hannu zan zare waya, Malam ya riƙe ni. Idonsa ya ciko.

"Baba, haka yake. Aikinsa ke nan."

"Aikinsa ya ɓata sauti?"

"E, Baba."

"Kuma da kuɗi ake sayensa?"

"Da tsada ma."

Baba ya ce, "Shekara talatin ina korar wannan ƙarar daga cikin rediyon mutane. Ashe akwai masu nemanta." Ya koma ya kishingiɗa.

Kafin in mayar da murfin na zana duk abin da ke ciki a bayan kwalin sigari. Ban san dalili ba a lokacin. Yanzu ina jin don shi ne abu na farko cikin shekara biyu da ya shigo rumfar nan wanda ban riga na sani ba.

Akwati na farko da na haɗa da kaina bisa zanen nan, a gwangwanin sardin na sa shi. Ya yi ƙara, amma Malam yana takawa ya lotse. Na koma wajen wani maƙeri mai yin akwatunan ƙarfe ya lanƙwasa mini guntayen kwano mai kauri. Maɓallin takawa ne ya gagara, don na rediyo ba ya jure ƙafa. Na yi wata guda ina nema, sai wata ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, wajen masu sayar da kayan tsofaffin motoci, na ga maɓallin fitila irin wanda direbobin manyan motoci na da suke takawa da ƙafar hagu. Na danna da babban yatsa, ya ce ƙas. Na saye duk guda biyar da mutumin yake da su. Ya yi ta kallona, yana tambaya ko motoci nawa gare ni.

Zuwa Maigatari ma da lissafi nake yi. Sai na bar Baba a gida wajen Inna, in kama motar safe, in dawo kafin la'asar, domin ya ce shi ba zai yi salla biyu a jere a tsakar gida kamar mace mai jego ba. Ina tsaye a kasuwar ina ganin raƙuma da manyan motoci suna ƙetarawa Nijar, ni kuwa idona yana kan rana.

Sai matsala ta ɓullo. Akwatin da na haɗa da safe ya yi daɗi, da tsakar rana sai ya shaƙe, ya riƙa tari kamar mai mura, da yamma kuma ya warware. Malam ya dawo da shi ya ce ya ba shi kunya a coci, ana tsakiyar waƙa. Na canza batir, na canza waya, na sake liƙi, duk a banza. Kwana uku Baba yana jina ina fama. A na huɗu ya ce, "Zafi ne. Tsofaffin nan masu hular ƙarfe ba sa son zafi. Da can idan bazara ta yi, rediyon mutane sai su riƙa canza murya, su kawo mini, in ajiye a inuwa kusa da randa, da yamma in ba su kayansu."

"To yaya zan yi, Baba?"

"Ba duka ne suka lalace haka ba. Zaɓa za ka yi. Kawo su in ji."

Haka muka fara. Na kwance matattun rediyon nan ɗaya bayan ɗaya, na tara transistoci a murfin kwano. Da tsakar rana, lokacin da kwanon rumfa yake ƙuna, sai in soka guda in kaɗa wata tsirkiya da na ɗaure a kan katako, Baba ya saurara. "Wannan rago ne, jefar." "Wannan yana da kaifi, sa shi a gaba." "Wannan na bayan ne, yana da ƙirji." Cikin goma da ƙyar mu sami biyu. Na ƙara wani ɗan murɗi a ciki wanda ake juyawa idan rana ta yi zafi. Daga nan akwatin ya daina tari.

Mutanen kasuwa sun yi magana. Wani dattijo mai sayar da gero ya zo har rumfa, ya gaisa da Baba, ya ce ana cewa ɗansa ya zama makaɗi, har yana yi wa coci aiki. Baba ya ce, "Alhaji, da ka kawo rediyonka na gyara, na tambaye ka abin da kake ji a ciki? Gyara yake yi, ba kiɗa ba." Amma bayan tafiyar mutumin ya ce in riƙa rage ƙarar, kuma Malam ya daina zuwa da jita ranar kasuwa.

Malam ya zama ɗan gida. Yakan zo da yamma ya zauna a benci, wani lokaci ko jitar ba ya kawowa. Kowace shekara sai ya rubuta takardar neman a mayar da shi kusa da gida, ko a sake shi ya koma jiharsu da shekarun aikinsa. Yakan karanta mini kafin ya kai. Ya ce ƙaramar 'yarsa ba ta san shi ba, in ya je hutu ɓuya take yi bayan uwarta. Ya ce in ya ajiye aikin ya tafi haka kawai, shekara goma sha ɗaya sun tafi a banza, kuma babu wani aikin da ke jiransa.

"Injiniya, ni da kai duk ɗaya ne," ya ce wata rana. "Ni takarda ya riƙe ni, kai kuma..." Sai ya dubi tabarma. Baba yana barci, ko kuma ya yi kamar yana yi.

Shi ne ya haɗa ni da mutumin Damagaram. Sun gamu a Maigatari wajen mai sayar da tsirkiyar jita. Makaɗin biki ne, yana da ƙungiya ta mutum biyar, suna yawo tsakanin Damagaram da garuruwan arewa da ita. Siriri ne, kullum da rawani, ga son shayi. Ya zo Gumel takanas don ya ji akwatin. Ya zauna a bencinmu ya karɓi jitar Malam, ya taka. Malam in ya kaɗa, waƙar coci ce ke fitowa ko da me aka haɗa. Wannan kuwa sai ya kama tsirkiya biyu yana ta juya su, abu ɗaya yana dawowa yana dawowa, ƙarar tana hawa kan ƙara. Na manta da rage sautin. Da ya tsaya na ga mutum sun kai ashirin a bakin rumfa.

Ya ce, "Mushe," wato yallaɓai da Faransanci, "uku nake so. Kuma ka yi wa mai bes ɗina nasa, jitar nan mai kaurin murya, don wanda muka aro ya cinye masa ƙasan sautin, sai ka ji kamar sauro."

Na bes ɗin ya ba ni wuya ƙwarai. Na yi sati shida ina canza kondansa, Baba yana ɗora tafin hannunsa a kan akwatin lasifika yana cewa, "Bai iso hannuna ba tukuna." Ranar da ya iso, sai da kwanukan shayin maƙwabcinmu suka yi rawa.

Cikin shekara biyu na haɗa akwatuna sun fi ashirin, kusan duk Nijar suka tafi. Ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa, don ba a samun transista iri ɗaya sau biyu. Kowane makaɗi yakan aiko da saƙon abin da yake so ta bakin mutumin Damagaram: wannan yana son mai kaushi, wancan yana son mai ja. Ban taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba, ban taɓa jin akwatina a wajen biki ba. Ni dai in naɗe a jarida in kai Maigatari ranar Alhamis, in miƙa, in duba rana, in juyo.

Wata Alhamis bayan girbi mutumin Damagaram ya ja ni rumfar mai shayi ya zaunar da ni. Ya ce ya kama wani ɗaki kusa da kasuwarsu, yana so ya mai da shi atiliye, wato wurin aiki, inda za a riƙa gyara amfilifaya da jita ana haɗa akwatuna. Ya ce makaɗa suna zuwa daga nesa ba mai duba musu kaya, sai su bar abu ya mutu a hannunsu. Ya ce akwai wuta a can fiye da nan, akwai kayan da ake kawowa daga arewa waɗanda ban taɓa gani ba.

"Ka zo ka yi ko wata shida ne. In bai yi maka ba, ga hanya. Mota ɗaya ce."

Na ce zan yi shawara. A motar dawowa ban san lokacin da muka iso Gumel ba.

Na yi kwana goma ban faɗa wa kowa ba sai Malam. Ya ce, "Tafi. Ni zan riƙa kai Baba masallaci in tsaya a waje in jira shi, in dai zai yarda." Muka yi dariya, amma na ga da gaske yake. Na sayi jaka, na ɓoye a ƙarƙashin tebur. Na tsara komai a raina: mijin ƙanwata zai riƙa kai Baba salla, rumfa a rufe ta, ni kuma in riƙa aiko da abin cefane ta hannun direbobin Maigatari.

Ranar da na faɗa wa Baba muna hanyar dawowa daga sallar la'asar, hannunsa a kafaɗata. Ya saurara har na gama. Sannan ya yi tambaya ɗaya.

"Yaushe?"

"Alhamis mai zuwa, in ka yarda."

"Allah Ya sa alheri. Ka tafi. Amma ba za a rufe rumfa ba."

"Baba, wa zai zauna?"

"Wanda ya kafa ta."

Na ɗauka magana ce kawai. Kashegari da safe na je kai wa maƙeri saƙo, na ce wa Inna zan dawo in ɗauki Baba. Da na dawo gida ba ya nan. Inna ta ce ya ɗauki sanda ya fita, ta hana shi ya yi mata tsawa. Na ruga kasuwa. Tun daga nesa na hango mutane a bakin rumfa.

Ya iso shi kaɗai, yana lissafa taku da bin bango. Ya buɗe kwaɗo da kansa, ya roƙi mai shayi garwashi, ya sa ƙarfe a wuta. Wani ya kawo rediyo, Baba ya ji ciwonta, ya buɗe ta da laluben yatsa, ya gano wayar da ta tsinke. Da ya kai hannu zai ɗauki ƙarfen, sai ya kama ta wajen bakin. Na tarar da shi zaune a mazaunina, hannun dama a cikin kwanon ruwa, tafin ya yi fari ya tashi. Bai yi kuka ba, bai ko yi tsaki ba. Da ya ji muryata sai ya ce, "Saura kaɗan in gama. Wayar ce ta kusa da batir, ka liƙa wa mutumin ya tafi."

Na liƙa. Sai da na yi sau biyu kafin ta kama.

A asibiti aka naɗe masa hannu. Sati biyar ni nake ba shi abinci a baki, ni nake yi masa alwala. Ko sau ɗaya bai ce in fasa tafiya ba, har tambayata yake ko na shirya. Ni kuma na kasa gane ko ya yi abin nan don ya nuna mini zai iya, ko don ya nuna mini ba zai iya ba. Na sha juya wannan a raina ina wanke masa ciwon. Akwai ranar da na ji haushinsa har na matse bandejin fiye da kima, ya ɗan ja numfashi, na sassauta, na ji kunyar kaina. Har ya rasu ban tambaye shi ba.

Alhamis ɗin na je Maigatari ba jaka. Mutumin Damagaram ya dube ni ya gane. Ya ce ɗakin zai jira ni zuwa bayan Sallah. Bayan Sallah ya ce zuwa damina. Daga baya ya daina ambata, ni ma na daina tambaya.

A shekarar ne amsar takardar Malam ta fito. Ya zo da ita a aljihu, ya miƙa mini ba tare da ya zauna ba. An ɗauke shi daga Gagarawa, an mai da shi Sule Tankarkar. Ya yi wata irin dariya ya ce, "Na roƙi kudu, sun ba ni arewa." Ya saki ɗakinsa na Gumel saboda babur ɗin ba zai jure zirga-zirgar ba. Da farko yakan zo duk Lahadi, daga baya sai wata-wata. Na taɓa kai masa ziyara ranar kasuwarsu. Na same shi a ɗaki ɗaya bayan ofis, jitar a jingine, tsirkiya biyu sun tsinke bai sa wasu ba. Ya ce ba wanda zai kaɗa wa. Muka ci ƙosai, ya raka ni tasha.

Ni kuwa Inna ta matsa, na yi aure, aka haifa mini 'ya. Matattun rediyon suka ƙare, masu hular ƙarfe suka yi wuyar samu, sababbin rediyon da ake kawowa kuma in ka buɗe ba abin da za ka cira. Mutumin Damagaram ya rage zuwa, sannan ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Wani direba ya ce mini ya yi arewa da ƙungiyarsa. Na koma tocilan da kaset.

Baba ya rasu a ƙarshen shekarun casa'in, da damina, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Bayan an yi sadakar arba'in na ce wa Inna zan je Damagaram in dawo. Ta ce me zan yi a can. Na ce akwai wanda zan gani. Ta ce to kada in kwana, don ba ta son gidan ba namiji.

Tafiyar da na shekara ina aunawa, kafin azahar na isa. Na yi ta tambaya a bakin kasuwa har aka nuna mini ɗakin. Wani mutum ne a ciki, mai ƙiba, da tabarau ɗaure da zare, ga amfilifaya jibge har rufi, ga fanka tana juyawa. Na yi sallama na tambaye shi labarin makaɗin nan mai rawani. Ya ce ya shekara biyu rabonsa da shi. Ina shirin juyawa sai na ga abin da ke gabansa a kan tebur. Akwatina ne, a buɗe, ɗaya daga cikin na farko-farko. A gefe kuma ga wasu guda uku sababbi da ya kwaikwaya, fentinsu ya fi nawa kyau.

Na ce, "Maigida, wannan fa daga ina?"

"Wannan? Daga Najeriya ake kawo su da. An ce wani tsoho ne makaho yake yin su, ya rasu ko yana nan, oho. Makaɗa sun fi son nasa. Nawa in rana ta take sai su shaƙe, na rasa dalili."

Na tsaya ina kallon liƙin da na yi da hannuna shekara biyar da suka wuce. Na ce masa tsohon mahaifina ne, kuma ya rasu. Ya cire tabarau ya yi mini ta'aziyya, ya jawo kujera, ya aika a kawo shayi. Ban gyara masa labarin ba. Na nuna masa ɗan murɗin da ke ciki, wanda ya ɗauka ado ne bai sa a nasa ba. Na nuna masa yadda ake zaɓen transista da tsakar rana, wanda ake sawa a gaba da wanda ake sawa a baya. Yana da su cike da gwangwani, irin waɗanda na shekara ina nema. Muka gwada sun kai talatin, muka fitar da bakwai. Ya yi ta murna yana buga cinya.

Ya ce in kwana, gobe akwai biki, zan ji yadda ake taka su. Ya ce in ma ina son aiki, ga tebur na biyu ba kowa. Na dubi teburin. Yana da fitila a kansa da ƙarfen dalma na lantarki.

Na ce masa akwai tsohuwa a gida, da mata da 'ya. Ya ce haka ne. Ya ɗebi transista ya cika mini aljihu, ya raka ni har tasha, ya sa ni a motar ƙarshe mai zuwa iyaka.

Na shiga gida ana kiran magariba. Inna tana zaune a bakin murhu, 'yata a cinyarta. Ta ce, "Ka ga mutumin?"

Na ce ban same shi ba.

"To ka sayo mini kanwa? An ce tasu ta fi kyau."

Na ce na manta. Ta yi tsaki, ta ce mutum ya je har Damagaram ya dawo hannu rabbana. Ta miƙo mini yarinyar, ta tashi ta duba tuwo.